Ƙasa marar shinge ma tana da mai ita

A ranar 24 ga Yulin 1534, wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Faransa, Jacques Cartier, ya sa mutanensa suka kafa wata sandar gicciye mai tsawon ƙafa 30 a bakin gaɓar Gaspé, a gabashin Kanada ta yau, suka liƙa mata tambarin sarkinsu. Ba su daɗe da komawa jirgi ba sai ga kwalekwale ya nufo su, ɗauke da wani shugaba mai suna Donnacona, yana sanye da tsohuwar baƙar fatar dabba, tare da ɗan'uwansa da 'ya'yansa. Ya tsaya daga ɗan nesa ya yi doguwar magana, yana gitta yatsunsa biyu yana kwaikwayon sandar, sannan ya riƙa nuna ƙasar da ke kewaye da su. Faransawan ba sa jin harshensa, amma sun gane saƙon sarai, domin labarin tafiyar da suka rubuta ya ce mutumin ya yi kamar yana faɗa musu ƙasar tasa ce, kuma bai kamata su kafa komai ba sai da izninsa. Cartier ya lallaɓa shi da cewa alama ce kawai ta gane mashigar ruwa, daga bisani ya tafi da 'ya'yansa biyu Faransa.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, garin Donnacona, wato Stadacona, yana inda birnin Quebec yake yau, tafiyar ɗaruruwan kilomita daga wurin. Kamun kifi na lokacin zafi ya kawo shi Gaspé da jama'arsa kimanin 200. Ita kuwa Gaspé tana cikin gundumomi bakwai da mutanen Mi'kmaq ke lissafawa a matsayin ƙasarsu. Ke nan tun a wannan haɗuwa ta farko-farko abubuwa biyu sun bayyana: mutanen nan sun san ƙasa tana da mai ita har suna iya tsayawa su yi gardama a kanta, kuma gaɓar ruwa ɗaya tana iya ɗaukar haƙƙin al'umma fiye da ɗaya.

Ni a ganina duk wanda ya riƙe ɗaya daga cikin waɗannan biyun ya saki ɗayan, ya zalunci mutanen. Turawan farko sun ce ai ba su da iyaka, don haka ƙasar ta duk wanda ya kafe ta ce. Jikokinsu, a kotuna da ofisoshin gwamnati, sun juyo ta ɗaya gefen, suka ce to, in kuna da iyaka ku nuna mana layinta, ku kuma tabbatar ba wanda ya taɓa tsallake shi. Hanya biyu ce mai kai wa wuri ɗaya, domin a kowacce da ma'aunin baƙo ake auna mai gida.

Manyan dangogin harsuna biyu ne suka mamaye arewa maso gabashin nahiyar. Akwai dangin Algonkiyan, masu faɗin gaske: Mi'kmaq da Abenaki da Narragansett da Lenape da Powhatan a bakin Tekun Atlantika, sai Algonkin da Ojibwe da Cree a ciki da arewa. A tsakiyarsu, kamar tsibiri, akwai dangin Irokwiyan: Wendat, waɗanda Faransawa suka laƙaba wa Huron, da Erie da Susquehannock, da ƙawancen al'ummai biyar da suke kiran kansu Haudenosaunee. Tun daga taswirar harsuna da John Wesley Powell ya fitar a 1891 aka saba shafa wa kowane dangi launinsa, har ɗalibi ya ɗauka ƙasashe biyu ne ke fuskantar juna. Taswirar harshe kuwa ba ta nuna wanda ke mulkin ina. A 1609, lokacin da Bafaranshe Samuel de Champlain ya bi wata rundunar yaƙi zuwa tafkin da yanzu ke ɗauke da sunansa, Wendat masu harshen Irokwiyan suna sahu ɗaya da Algonkin da Innu masu harshen Algonkiyan, kuma abokan gabarsu Mohawk ne, ɗaya daga cikin al'umman Haudenosaunee, 'yan'uwan Wendat a harshe.

Mu fara da Haudenosaunee, domin tsarinsu ya fi fitowa fili. Sun ɗauki ƙasarsu gaba ɗaya, daga kwarin kogin Mohawk a gabas zuwa kogin Genesee a yamma, cikin jihar New York ta yau, a matsayin dogon gida guda irin wanda suke kwana a ciki. Mohawk ne masu tsaron ƙofar gabas, Seneca masu tsaron ƙofar yamma, Onondaga a tsakiya suna riƙe da wutar majalisa, Oneida da Cayuga kowa da ɗakinsa a tsakani. Majalisar tana da sarakuna 50, waɗanda iyayen zuriya mata ke naɗawa, su kuma tuɓe wanda ya kauce. Masana sun rabu kan shekarar kafa ƙawancen, wasu na cewa 1142, wasu na kai shi tsakanin 1450 da 1600, amma tarihin baka na mutanen ya tsaya kan cewa ya riga zuwan Bature. Mutumin da ya raba ƙasa ɗaki-ɗaki, ya sa mata ƙofofi da masu gadi, ba za a ce bai san iyaka ba. Lewis Henry Morgan, wanda ya yi aiki da Ely Parker ɗan Seneca ya wallafa bincikensa a 1851, ya ambaci har wata maɓuɓɓugar ruwa mai zurfi kusa da Manlius da ke kan iyakar Onondaga da Oneida.

Sai dai iyakar da ta fi muhimmanci a rayuwarsu ta yau da kullum wata ce daban. Gari yana cikin kafi na gumagumai. Bayan kafin akwai sararin gonaki na masara da wake da kabewa, wanda ke hannun mata. Inda gonaki suka ƙare daji ya fara, nan ne bakin daji, kuma nan baƙo ke tsayawa. Ba ya kutsawa kai tsaye. Zai zauna ya hura wuta don a hango hayaƙi, masu gari su fito su tarye shi da kalmomin da aka gada: a share masa hawaye don ya gani, a buɗe masa kunne don ya ji, a wanke masa maƙogwaro don ya yi magana, a cire masa ƙayar hanya daga ƙafa. Sai bayan haka a kama hannunsa a shiga da shi. Har yau Haudenosaunee suna yin wannan tarba a manyan tarukansu. Wannan iyaka ce mai ƙa'ida da ladabi da hukunci ga wanda ya keta ta, amma safiyo ba zai iya buga mata turke na dindindin ba, domin bayan shekara 10 zuwa 30, idan ƙasa ta gaji kuma itacen wuta ya yi nisa, garin kan tashi ya koma wani wuri a cikin yankinsa, ya bar kufai da saura a baya. Gari yana motsawa, ƙasar al'umma tana nan inda take.

Su kuma Algonkiyan, waɗanda aka fi yi wa kallon masu yawo, shaidar da ke kansu ta fito daga bakin Turawan da suka zauna da su. Edward Winslow na Plymouth, mazaunin da Ingilishi suka kafa a gaɓar New England, ya rubuta a 1624 cewa kowane shugaba ya san inda ƙasarsa ta tsaya. Roger Williams, wanda ya koyi harshen Narragansett, ya rubuta a 1643 cewa mutanen suna da tsananin kiyaye iyakokin ƙasashensu, har su ce daga wannan kogi ne ko daga wancan rafi. Ya kawo wani misali da ya fi kowane bayani: idan aka koro barewa ta faɗa ruwa aka kashe ta a can, ana kai fatarta ga shugaban da ruwan ke cikin ƙasarsa. Maharbi ya ci namansa, amma fata ta tafi gaisuwa, domin a san a ƙasar wa aka yi farautar. Wani zai ce ai waɗannan rubuce-rubuce bayan zuwan Turawa aka yi su. Haka ne, amma abin da baƙo ya tarar ana yi a shekarun farko na isowarsa, da sunansa da ƙa'idarsa a harshen masu gida, ba shi ya zo da shi ba.

A can arewa, kan kogin Ottawa, akwai wani tsibiri da ake kira Morrison yanzu, inda ruwa ke gudu da ƙarfi har dole matafiyi ya sauke kwalekwalensa. Wani reshe na Algonkin, Kichesipirini, shi ke riƙe da wurin, kuma duk ayarin da zai wuce sai ya biya kuɗin hanya. Champlain ya isa wurin a 1613 ya gana da shugabansu Tessouat, daga nan kuma ya juyo bai ci gaba ba. Masu tonon kufai sun samo kayan tagulla a tsibirin waɗanda aka ɗauko ƙarfensu daga yankin Tafkin Superior dubban shekaru da suka wuce, alamar cewa hanyar tsohuwa ce ƙwarai. Wendat da kansu, duk da yawansu ya kai 20,000 ko fiye, sukan biya in za su wuce. Su ma a gida haka suke: hanyar fatauci mallakar zuriyar da ta fara buɗe ta ce, wani ba ya bin ta sai da izni da kyauta. Kuma da sanyi ya kama, Nipissing da wasu Algonkin sukan zo su kafa sansani a gefen garuruwan Wendat, su ba da fatu da busasshen kifi su karɓi masara.

Wanda ya tashi a karkarar ƙasar Hausa ba zai sha wahalar gane wannan ba. Gona ɗaya ce: da damina dawar ta mai gona ce, bayan girbi makiyayi ya shigo da shanu su ci karmami su bar taki, ita kuma ɗorawar da ke tsakiyar gonar wataƙila wani ne daban ke da ikon kaɗe ta. Ba wanda zai dubi wannan ya ce gonar ba ta da mai ita.

Amma haka John Winthrop, jagoran Ingilishin da suka kafa mulki a Massachusetts, ya faɗa. A 1629, tun kafin ya taka ƙasar Massachusetts, ya rubuta hujjarsa: mutanen can ba sa kewaye ƙasa da shinge, ba su da mazauni tabbatacce, ba su da dabbobin gida, don haka in an bar musu abin da zai ishe su, halal ne a ɗauki sauran. Williams ya mayar da martani cewa ai suna ƙona ciyawar daji a kai a kai don gyara wurin farauta, kuma in dajin farautar manyan Ingila mallaka ce, to wannan ma mallaka ce. Wannan magana tana cikin abin da ya sa aka kore shi daga Massachusetts a 1635. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, filin da aka ce babu kowa, sau da yawa kufan matattu ne. Annobar da ta bi gaɓar New England tsakanin 1616 da 1619 ta share garuruwa, kuma Plymouth da aka kafa a 1620 a kan garin Patuxet aka ɗora ta, a kan gonakin da wasu suka share da hannunsu.

Ko takardun cinikin farko sun tona asirin. A 1636 mutanen Agawam suka yi yarjejeniya da William Pynchon kan wurin da ya zama Springfield. Sun karɓi riguna 18, gatura 18, fartanya 18, wuƙaƙe 18 da igiyoyin wampum, wato duwatsun ado da ake yi da ƙwanson halittun teku, amma suka sa aka rubuta cewa gonakin da suka shuka nasu ne, kuma suna da ikon kamun kifi, farautar barewa da tsintar 'ya'yan itatuwa. Su a wurinsu sun shigar da baƙo cikin masu cin moriyar wurin ne. Shi kuwa a wurinsa ya sayi ƙasa har abada, kuma kotunsa ce za ta fassara takardar.

Akwai wata yarjejeniya da sunanta kaɗai ya isa darasi: Akushi Ɗaya, Cokali Ɗaya. A cikin Babbar Dokar Zaman Lafiya ta Haudenosaunee an ce sarakuna za su ci daga akushi guda, kuma ba za a sa wuƙa a ciki ba, kada a yanki wani jini ya zuba. Akushin shi ne dajin farauta. Daga baya aka shimfiɗa wannan tsari tsakaninsu da Anishinaabe, wato Ojibwe da danginsu, aka saƙa shi a ɗamarar wampum, fara mai ɗigon akushi a tsakiya, aka kuma jaddada shi a babban sulhun Montreal na 1701, inda wakilai kusan 1,300 daga al'ummai kimanin 40 suka hallara. Yanzu ana yawan karanta wannan da cewa ƙasar ta kowa da kowa ce, har wasu su ɗauka gayyata ce ga duk wanda ya sauka daga jirgi. Ban yarda da wannan karatu ba. Al'ummai masu ikon kansu ne suka zauna, kowacce ta san yankinta, suka amince su haɗa wani sashe bisa sharuɗɗa: ka ɗibi abin da kake bukata, ka bar wa na baya, ka tsaftace akushin. Wanda ba ya cikin zaman, ba ya cikin rabon.

Kada kuma a mayar da zamanin aljanna. Kafin da ke kewaye da garuruwa ba don ado aka kafa shi ba, wani ma layi uku ne. An yi yaƙe-yaƙen ɗaukar fansa, an kama fursunoni, an bar faffaɗan daji babu mazauni tsakanin abokan gaba saboda tsoro. Cartier ya tarar da Stadacona da Hochelaga, inda Montreal take yau, cike da jama'a a 1535, amma da Champlain ya zo a 1603 babu su, babu garuruwansu. A Virginia, Wahunsenacawh, shugaban Powhatan, ya gaji ƙabilu shida, ya faɗaɗa ikonsa da yaƙi da aure har ya kai kusan 30 kafin Ingilishi su sauka a Jamestown a 1607. Iyakoki sun motsa, kamar yadda na Turai suka yi ta motsawa a ƙarnonin nan. Ba wanda ya taɓa cewa Faransa ba ta Faransawa ba ce don yankin Alsace ya sha sauya hannu tsakaninta da Jamus.

Masana ilimin al'umma sun shafe shekaru suna jayayya kan wani ɓangare na wannan. A 1915 Frank Speck ya zana yankunan farauta na iyali-iyali a tsakanin Algonkin da Ojibwe na Timiskaming da Temagami, ya ce gado ne tun fil azal. A 1954 Eleanor Leacock, bayan bincikenta a wurin Innu, ta ce cinikin fatu da Turawa ne ya haifar da wannan rarrabuwa, da can jama'a tare suke farauta. Kowannensu yana da abin kamawa, kuma mai yiwuwa amsar ta bambanta daga yanki zuwa yanki. Amma gardamar tasu kan yadda ake raba ƙasa a cikin gida ce. Ko iyali ne ke riƙe da kwari, ko jama'a ce gaba ɗaya, maƙwabta sun san na su wane ne, kuma sun san ana neman izni.

Wannan duka zai zama hirar malamai kawai in ba don kotu ba. A 1823 Kotun Ƙolin Amurka, a shari'ar Johnson da M'Intosh, ta ce ƙasar Turai da ta "gano" wuri ita ke da asalin mallakarsa, mutanen wurin kuwa ikon zama kaɗai gare su. Ƙasar al'umman Illinois da Piankeshaw ake magana a kai, Algonkiyan ne duka, kuma babu ko ɗayansu a cikin masu shari'ar. Kotun ta sake ambaton wannan aƙida a 2005 lokacin da ta hana Oneida maido da ikonsu kan filayen da suka saya da kuɗinsu a cikin tsohuwar ƙasarsu. Fadar Fafaroma ta nesanta kanta da aƙidar a watan Maris na 2023, amma hukuncin yana nan a littattafan shari'a. A Kanada an ɗan ci gaba. Hukuncin Kotun Ƙolin ƙasar a shari'ar Delgamuukw na 1997 ya ce a saurari tarihin baka a matsayin shaida, ya kuma buɗe ƙofar cewa al'ummai biyu na iya haɗa mallakar wuri. Duk da haka a 2005, a shari'ar Marshall da Bernard, wasu Mi'kmaq da aka kama da laifin sare itace a Nova Scotia da New Brunswick suka faɗi, domin kotu ta ga zuwa farauta da su lokaci-lokaci bai kai ya zama mallaka ba. Alƙalai biyu daga cikinsu sun yi gargaɗin cewa ma'aunin ya karkata ga dokar Ingila fiye da kima, kuma gaskiya suka faɗa. Mutumin da ke bakin teku da bazara, yana bakin kogi lokacin hawan kifi, yana cikin daji da hunturu, shekara bayan shekara a kan hanya ɗaya da kakanninsa suka bi, zaune yake a ƙasarsa gaba ɗayanta. Sai a 2014, a shari'ar Tsilhqot'in ta yammacin ƙasar, kotun ta amince da mallakar yanki sukutum, fiye da murabba'in kilomita 1,700, ga mutanen da ba a gari ɗaya suke shekara ba.

Birnin Toronto ya nuna yadda abin ke da sarƙaƙiya. Kakannin Wendat sun noma yankin ɗaruruwan shekaru. Bayan Haudenosaunee sun tarwatsa ƙasar Wendat a 1649 da 1650, Seneca suka kafa garuruwa a bakin kogunan wurin. Zuwa ƙarshen ƙarnin Mississauga, wani reshe na Anishinaabe, suka zo suka zauna, kuma su ne Ingila ta ce ta saya daga hannunsu, fiye da eka 250,000 a kan sule 10 a takardar 1805. Sai a 2010 Kanada ta biya diyyar dala miliyan 145 ta ƙasar. Yau idan za a buɗe taro a birnin akan jero sunayen al'ummomin duka, wasu kuma su yi ta gunaguni cewa a faɗa musu guda ɗaya. Babu guda ɗaya, kuma rashinsa ba ya wanke wanda ya ba da sule 10.

Abin da nake ganin ya dace shi ne gwamnatocin Amurka da Kanada su daina mayar da haɗuwar haƙƙi dalilin jan ƙafa. Inda Algonkin da Mohawk, ko Mississauga da Wendat, suke da'awar wuri ɗaya, a bar su su zauna su daidaita da hanyoyinsu, tunda suna da ɗamarar wampum da majalisa da ƙa'idar tarbar baƙo tun kafin a san za a yi Ottawa ko Washington. Aikin gwamnati shi ne ta amince da abin da suka cim ma ta kuma biya abin da ke kanta. Algonkin sun fara kai koke kan ƙasarsu tun 1772. Sai a 2016 aka sa hannu kan daftarin farko na sulhu da na ɓangaren Ontario, kan yanki mai faɗin murabba'in kilomita 36,000, wanda ginin majalisar dokokin Kanada kansa ke ciki. 'Yan'uwansu na Quebec, inda mafi yawan garuruwan Algonkin suke, sun ce ba a yi da su ba, kuma suna da hujja: kogin Ottawa, wanda suke kira Babban Kogi, shi ne tsakiyar ƙasarsu da hanyar da ke haɗa su, sai Turawa suka mayar da shi layin raba larduna biyu, yanzu kuma ake tattaunawa da rabinsu a wannan gaɓa, rabi a waccan.